Karayar Ƙugu: A Daina Ce Mana "Tsufa Ne"



Akwai wata kalma da ta zama bargo a unguwar nan, duk abin da ba a son kallo sai a lulluɓe shi da ita. Kalmar ita ce "tsufa ne". Tsohuwa ta zame a banɗaki da asuba, a ɗago ta ta kasa taka ƙafa, a shimfiɗa mata katifa a ɗaki. Bayan wata biyu ko uku sai a ji sanarwa a masallaci, an yi rasuwa, jana'iza ƙarfe goma. Ka tambayi abin da ya same ta, a ce maka ai Hajiya ta daɗe a kwance, tsufa ne. Mu a wannan shafi mun ƙi yarda da wannan amsa. Matar da take zuwa kasuwa da ƙafarta ranar Lahadi, ta faɗi ranar Litinin, ba a dare ɗaya tsufa ya sauko mata ba. Karayar ƙugu ce ta kwantar da ita, kuma karayar ƙugu tana da magani sananne, ana yin sa a asibitocin da ba su kai tafiyar awa biyu daga ƙofar gidanta ba.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda ta shafi unguwanni da yawa. Ku duba su wane ne suka kafa unguwar nan. Tun da gwamnatin Murtala ta yanke a watan Fabrairun 1976 cewa za a gina sabon babban birni, garin nan ya ba da sunansa na Abuja ya koma Suleja, albarkacin sunan Sarki Sulaimanu Barau, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato: magina, direbobi, mahauta, masu shayi, 'yan tireda. Kafin gwamnati ta tare a 1991 da yawansu sun yi aure, sun yi gida, sun zama 'yan gari. Saurayin da ya sauka a tasha yana da shekara 25 a 1980 yau ya kai 70 ko ya haura, matarsa tana biye da shi. Unguwar da aka sani ta majiya ƙarfi ce ta cika da dattawa, kuma gari ne na tudu da gangare da duwatsu, lungunansa duk kwata da zaizayar ruwa. Faɗuwar tsofaffi ba za ta ragu ba, ƙaruwa za ta yi.

Bari mu fara da ƙashin kansa, domin rashin sanin sa ne yake sa a ɗauki abin da wasa. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. Can sama yana da kai mulmulalle wanda yake zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, kamar taɓarya a turmi. Tsakanin kan da sauran ƙashin akwai wuya siriri, shi yake ɗauke da nauyin mutum duk lokacin da ya taka. Da shekaru suka ja, ƙashi yakan yi sako-sako ta ciki kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki rami. Mata sun fi shiga wannan hali, musamman bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa a ƙasashen da ake ƙirga masu wannan karaya kusan uku cikin huɗu mata ne. Irin wannan ƙashi ba ya buƙatar haɗarin mota. Zamewa a wajen alwala ta isa, tuntuɓe da bakin tabarma ya isa.

Alamarta ba ɓoyayya ba ce. Mutum ya kasa tashi, ciwo a matsematsi ko gefen ƙugu, ƙafar da ta karye ta ɗan gajarce, tafin ƙafar ya kwanta yana kallon waje. Amma fa akwai wadda take yaudara: tsoho ya tashi yana ɗingishi kwana biyu, har ma ya ce gwiwa ce take masa ciwo, a ce targaɗe ne a shafa man zafi, sannan ƙashin ya goce gaba ɗaya. Duk tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa yadda ya saba, hoton ƙashi ne kaɗai zai raba gardama.

Yanzu sai maganar masu ɗori, kuma mun san nan ne wasu za su ɓata rai. Ba mu zo cin mutuncin kowa ba. Ɗori gado ne, akwai gidajen da suka yi suna da shi tun kaka da kakanni, kuma kusan kowa a cikinmu ya san yaron da ya karye a hannu aka jera masa karare aka ɗaure, ya warke yana wasansa. To amma kara yana riƙe ƙashi ne idan ya samu wurin kamawa sama da karayar da ƙasa da ita. Ƙugu ina za a kama? Wurin yana can ciki, nama mai kauri ya rufe shi, naman nan kuma yana jan ƙafar sama dare da rana. Ko wane irin ɗauri aka yi, fata aka matse, ƙashin yana can yana motsi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jini. Jijiyoyin da suke ciyar da kan ƙashin cinya ta jikin wuyan nan suke bi. Idan wuyan ya karye ya goce, sau da yawa jijiyoyin sun tsinke, kan ya rasa abinci, ya mutu a cikin kwarminsa. Ƙashin da ya mutu ba ya haɗewa, ko da tofin wane ne. Likitocin Turai sun gane haka tun kusan shekara 200 da suka wuce. Wani likitan Ingila mai suna Astley Cooper ya rubuta a kai tun wajen 1820, kuma a zamaninsa shi ma ba shi da abin yi wa irin waɗannan tsofaffi. Sai a ƙarni na 20 aka samu mafita, lokacin da irin su Austin Moore a Amurka suka fara cire mataccen kan suna sa na ƙarfe. Wannan aikin ne ake yi har yau, kuma likitocinmu na Najeriya suna yin sa. Idan kuwa karayar ta ɗan yi ƙasa da wuyan, inda jini yake isa sosai, ba a cire komai, sai a ɗaure ƙashin ta ciki da ƙusa da faranti ko sandar ƙarfe a cikin ɓargo. Irin wannan ta biyun, gaskiya ne, tana iya haɗewa ba tare da aiki ba, kuma yawancin labaran "wane ya warke a wajen mai ɗori" daga nan suke fitowa. Sai dai tana buƙatar wata biyu zuwa uku a kwance, ƙafa ta haɗe a gajarce a karkace, kuma sai wanda ya rayu ya kai ƙarshen watannin ne ake ba da labarinsa. Waɗanda ba su kai ba, su ne aka ce tsufa ne.

Mai ɗorin da ya san aikinsa, idan aka kawo masa tsohuwa mai karayar ƙugu, cewa zai yi ku kai ta asibiti, kuma akwai masu faɗin haka, Allah Ya saka musu. Wanda zai karɓi kaza da kuɗin magani ya ce a dawo bayan sati biyu, to da shi muke.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta baƙi mazauna, wato "a kai shi gida". Da Baba ya faɗi, sai waya ta fara yawo tsakanin Suleja da ƙauye, babban wa ya ce a kawo shi, akwai mai ɗorin gidanmu. A naɗe dattijo a kujerar bayan mota, a bi da shi Kaduna, a bi Zariya, kusan kilomita 400 kafin Kano, wanda za shi Sakkwato ma ya fi haka, kowane rami a hanya ƙashin yana yankan nama. An bar Gwagwalada a baya, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yake, an bar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Abin takaici ma, wanda aka kai Kano sau da yawa ba a nufi Asibitin Ƙashi na Dala da shi, asibitin da aka kafa tun 1959. Mun san abin da ke ƙarƙashin wannan tafiya, ko da ba a faɗa: idan ta Allah ta kasance, a ce a gida ya cika, cikin dangi. Wato tun ranar farko an fara shirin jana'iza, mutumin kuwa ƙafa kawai ya karya.

To me kwanciya take yi wa tsoho, har muke ta nanata ta? A 2007 an buga wani bincike a Amurka inda aka kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, ba karaya ba komai, kwana 10 kacal. Da aka auna su, naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo ɗaya. Masu lafiya ke nan, masu cin abinci. Ku ƙiyasta mai karaya da ciwo ya hana shi ci, a kwance wata biyu. Wanda yake kwance rigingine ba ya cika huhunsa da iska, ba ya iya tari sosai saboda zafi, majina ta taru, ciwon huhu ya shiga. Jini ya daina gudu a ƙafar da ba ta motsi, ya daskare ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu. Wannan shi ne "muna cikin hira da ita sai kawai ta yi shiru". Fatar gadon baya da ɗuwawu da diddige, inda ƙashi yake danne ta a kan katifa, takan fara mutuwa cikin awoyi, ba kwanaki ba, ta zama gyambon da hannu zai shige. Ga fitsari da bayan gida a kwance, ga kunya, dattijon da yake limanci a zaure yau jikarsa ce take sa masa fo. Da yawa suna daina cin abinci da gangan don kada su ɓata shimfiɗa. Su waye suke ɗaukar wannan jinya? Matan gida ne da 'yan mata, wata ta bar sana'arta, wata ta bar makaranta, su kuwa mazan da suka yanke hukuncin ba za a yi aiki ba suna leƙowa da safe su ce ya jiki.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Ai Inna ba za ta iya ɗaukar aiki ba, ta tsufa, kada a kashe mana ita a ɗakin tiyata." Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba za mu yi muku ƙarya mu ce aikin ba shi da haɗari ba. Ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, cikin tsofaffi 100 da suka karye a ƙugu, 20 zuwa 30 ba sa cika shekara, duk da an yi wa kusan dukkansu aiki. Kusan rabi ba sa komawa tafiya yadda suke yi a da. A nahiyarmu kuma abin ya fi nauyi. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, a kan majinyata sama da 11,000. Aka gano cewa wanda aka tsara wa tiyata a Afirka haɗarin mutuwarsa ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, alhali majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Duk wanda ya ce jama'a su daina tsoron asibiti ba tare da ya ambaci wannan ba, bai yi adalci ba.

Amma ku saurari ragowar binciken. Fiye da tara cikin goma na waɗanda suka rasu ba ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a kan gadon jinya, inda ma'aikata suka yi ƙaranci, matsala ta taso ba a gan ta da wuri ba. Ashe wuƙar likita ba ita ce babbar barazana ba. Kuma tambayar da ya kamata iyali su yi ba "aiki yana da haɗari?" ba ce, domin amsar eh ce kullum. Tambayar ita ce wanne ya fi haɗari, aiki ko kwanciya? A nan likitocin ƙashi na duniya bakinsu ɗaya: tsofaffin da aka bari ba aiki sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma cikin azabar da ta fi tsanani. Ana yi wa masu shekara 90 wannan aiki. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allura ake yi a baya a kashe rabin jiki, aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu. Akwai wanda jikinsa ya riga ya yi nisa da wata cuta, likita ya duba ya ce aiki ba zai amfane shi ba. Wannan hukuncin likita ne bayan gwaji, ba na taron 'yan'uwa a zaure ba. Wanda ya gudu daga tiyata ya kwantar da uwarsa a ɗaki, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Wasu kuma su ce a bar wa Allah. Subhanallah, wa ya isa ya ƙwace wa Allah wani abu? Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Wanda ya ce a bar wa Allah a kan ƙugun mahaifiyarsa, idan ɗansa ne ya faɗo daga babur, kafin a yi sallar la'asar yana asibiti.

Lokaci shi ne kan maganar. A Ingila, tun 2011 ƙa'idar da aka shimfiɗa wa asibitoci ita ce a yi wa mai karayar ƙugu aiki ranar da aka kawo shi ko washegari, a kuma tashe shi tsaye washegarin aikin. A Amurka ma'aunin awa 24 zuwa 48 ne. Ingila ta buɗe rajista ta ƙasa a 2007, ana rubuta kowane tsoho da ya karye a ƙugu, sama da 60,000 a shekara, awa nawa ya jira, ya rayu ko bai rayu ba, kowane asibiti ana ganin sakamakonsa a fili. A shekarar da suka fara, kusan 11 cikin 100 suke mutuwa a watan farko. Zuwa 2018 abin ya sauko wajen 6. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba, gaggawa ce da kula da ƙirgawa. Mu nan ana yin sati ana shawara, sati biyu wajen mai ɗori, sati ɗaya ana haɗa kuɗi. Ranar da aka isa asibiti jini ya yi ƙasa, ƙirji ya cika, baya ya yi gyambo. Idan aka yi aikin a haka ta rasu, sai a dawo unguwa a ce kun gani ko, asibiti ya kashe ta, iyali na gaba su ƙara tsorata. Haka abin yake ta zagayawa.

Sai kuɗi, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba mu raina ta ba. Aikin yana da tsada, ƙarfen da za a sa saye ake yi, ga jini, ga gwaje-gwaje, ga kuɗin gado, kuma a ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita. Akwai gidajen da wallahi ko sun sayar da komai ba za su haɗa ba, waɗannan ba abin zargi ba ne, abin taimako ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai gidan da aka ce babu kuɗin aiki, da aka yi rasuwa sai ga rumfuna, ga buhunan shinkafa, ga motoci cike daga gida, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Akwai gidan da aka ɗage aikin tsoho saboda an sa ranar biki. Kuɗin da ba su fito don ta tashi ba sun fito don a raka ta. Kuma kada a manta jinyar wata shida a gida ita ma ba kyauta ba ce: audugar gyambo, kunzugun manya, kemis kullum, ga sana'ar mai jinya da ta tsaya.

Muna da adashi iri-iri a unguwar nan, na 'yan kasuwa, na mata, na direbobi, na sallar layya. Me zai hana a yi asusu guda na gaggawar tsofaffi, a hannun amintattu uku da jama'a suka zaɓa, wanda zai biya kuɗin farko a ranar farko, iyali su riƙa mayarwa a hankali? Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan jini: samarin da suke cika filin ƙwallo kowace yamma, a san rukunin jinin kowa a rubuta, kada a riƙa neman mai ba da jini da tsakar dare kamar ana neman allura a rairayi.

Wanda aka yi wa aiki kuma, aikin iyali a lokacin ya fara, tunda mun ga inda haɗarin yake. A gaya wa likita komai tun farko, hawan jini, ciwon suga, duk ƙwayar da yake sha har da ta gargajiya. Idan ma'aikacin gashi ya zo washegari ya ce Baba ya sauko da ƙafa ya tsaya, kada a ce masa mugu ne, wannan tsayuwar ita ce dalilin aikin gaba ɗaya. Tausayin da zai sa a ce a bar shi ya huta sati guda, shi zai mayar da shi inda aka gudo. A kula da wurin ɗinki: ja, kumburi, ruwa, zazzaɓi, a faɗa nan take. Ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi sama-sama, a kira ma'aikaci ko da ƙarfe biyun dare ne, kada a ce kunya. Idan an rubuta allura ko ƙwayar hana daskarewar jini, a cika kwanakinta ko an koma gida.

Akwai wani abu da muke so mata musamman su sani. Tsofaffi da yawa, bayan karaya ko bayan aiki, sukan ruɗe. Su riƙa sambatu, su kasa gane 'ya'yansu, su ce suna ganin mutane a bango, su fizge robar ruwa. Likitoci sun san wannan sarai, yana faruwa ga mai yawa daga cikinsu, kuma yawanci alama ce ta wani abu da ake iya gyarawa: zafin ciwo, ƙarancin ruwa a jiki, cutar fitsari, ƙarancin jini, ko wata ƙwaya da ba ta karɓe shi ba. A wajenmu sai a ce iska ce, ko a sa hannu a fitar da ita daga asibiti a tafi wajen mai ruƙiyya. Mafi muni, a ce tsohuwa ta fara tone-tone, a jefe ta da maita a ƙarshen rayuwarta. Haba jama'a! A yi mata addu'a, a kuma kira likita, a sa mata tabaranta, a bar fuskar da ta sani kusa da ita.

Komawa gida ma yana da nasa. Wanda aka sa wa kan ƙarfe, a makonnin farko tsugunno yana iya fitar da shi daga kwarminsa, gidajenmu kuwa kusan komai a ƙasa ake yi: masai na tsugunno, cin abinci a tabarma, katifa a daɓe. Kafin a sallamo shi a samu kujera mai rami a ɗora a masai, kafinta zai yi ta a yini ɗaya. A ɗaga masa gado. Ya yi sallah a kujera har likita ya ba da izini, addini ya yi masa sauƙi. A ba shi abincin da zai gina nama, wake, ƙwai, kifi, nono, ba koko da shayi kaɗai ba. A fito da shi hantsi ya sha rana. Kuma a tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashi, domin wanda ya karya ƙugu ɗaya yana cikin haɗarin karya ɗayan.

Gwamnati kuma ba za mu ƙyale ta ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, garin da ya ari sunanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Likitocin ƙashi 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa waje. An yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, an sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya a watan Mayun 2022, wadda ta tanadi asusu na marasa galihu, tsofaffi suna ciki. To muna tambayar kansilanmu da ɗan majalisarmu na jiha da na tarayya: dattawa nawa ne a unguwar nan aka yi wa rajista a wannan tsari, kuma idan ɗayansu ya karye a ƙugu, tsarin zai biya kuɗin ƙarfen? Gari mai yawan jama'ar Suleja, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Kaduna da Minna, ya cancanci a ce duk tsohon da ya karye a cikinsa an yi masa aiki cikin kwana biyu, ba tare da an tsaya jiran iyali su sayar da fili ba. Idan sun zo neman ƙuri'a, wannan za mu ajiye musu a kan tabarma.

Kafin nan, abin da yake hannunmu: 'ya'yan da Allah Ya buɗa wa suna shimfiɗa wa iyayensu tayil mai santsi har banɗaki don nuna gata, sai ruwan alwala ya zuba a kai. A sa mai kaushi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye fitila mai caji kusa da shimfiɗa saboda fitar asuba. Mai yanar ido a kai shi a cire. A raba tsofaffi da haɗin kemis na ciwon jiki, domin a cikinsa akan samu ƙwayoyin da suke cinye ƙashi da masu lalata ƙoda.

Muna roƙon mai unguwa da limamanmu su sa wannan magana a zaman da za a yi na gaba, a fito da sunayen gidajen da ke da dattijo ko dattijuwa da suka haura 70, a tsayar da amintattun asusu, a kuma samu direbobi biyu masu mota mai shimfiɗa da za a iya tasa ko da dare. Wanda ya faɗi kada a ja ƙafarsa, kada a tanƙwara shi a cusa a Keke Napep. A sa filo tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare da ɗankwali, a ɗauke shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nufi inda ake hoton ƙashi a ranar.